Wa Zai Tsaya Wajen Kan Mara Lafiya?

Laccar da aka gabatar gaban ma'aikatan jinya da ɗalibai na gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

 

Tun da aka sanar da zaman nan tambaya ɗaya ake ta aiko mini: "Malam, in na ajiye takarduna a sashen koyon sa barci, za a ɗauke ni?" Zan amsa, amma sai na fara biyawa da ku ta ɗakin tiyata, don wanda bai san abin da ake yi a can ciki ba, ba zai gane dalilin ƙuncin ƙofar shiga sashen ba.

An kawo mace cikin dare daga wani ƙauyen Gangara, ta kwana biyu kan gwiwa, haihuwa ta gagara. Likita ya wanke hannu, kayan aiki na jere, amma ba zai tsaga ba sai wanda ke tsaye wajen kanta ya ce bismilla. Shi ne ya tambayi yaushe rabonta da abinci, ya duba fatar idonta ya ga jini ya yi ƙasa, ya sa mata ruwa, ya zaunar da ita ya yi mata allurar kashin baya. Da maganin ya kama, awon jininta na iya faɗuwa nan take, dole maganin tayar da shi ya kasance a cikin sirinji tun kafin a fara. In numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da ƴan mintoci. Jama'a na kiransa mai sa barci, mu kuwa mun san sa barcin shi ne mafi sauƙi a aikin. Riƙe rai har a gama, da tayar da mutum lafiya, nan gizo ke saƙar.

A shekarun 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa, aka kuma shiga horar da ƙananan likitoci su iya tiyata a asibitocin gunduma. Mataki ne babba. Sai dai ɗakin tiyatar da ba shi da mai sa barci, da shi da ɗakin ajiya duk ɗaya. A 2015 kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata da sa barci masu aminci da za su iya biya, ya kuma kafa ma'auni: mai buƙata ya isa inda za a yi masa aiki cikin awa 2. Daga Agiye zuwa Maraɗi kimanin kilomita 80 ne a kan kwalta. Ku ƙara tafiyar amalanke daga ƙauye zuwa bakin hanya cikin damina, ku yi lissafin da kanku. Gazawa ba ta zama gunduma mai zaman kanta ba sai 2011. Gidan Rumji kuwa tun 2019 take karɓar ƴan gudun hijira daga ƙetaren iyaka, ga raunin harsashi da ba ya jiran wayewar gari.

To, mu dawo ga ƙofa. Horon manyan ma'aikatan sa barci da farfaɗowa a ƙasarmu, cibiyarsa tsangayar ilimin kiwon lafiya ta Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai. Gurbi kaɗan ne, kuma ba rowa ba ce ta kawo haka. Wannan sana'a ba a koyonta a kan benci. Kowane ɗalibi sai ya sa bututun numfashi da hannunsa, ya nemo gaɓar kashin baya da yatsansa, malami na tsaye a kafaɗarsa. Yawan ɗakunan tiyata da yawan likitocin da za su tsaya a kansa, su ke yanke adadin da za a iya ɗauka. Ko a Amurka, inda kayan aiki ya wadata, ba a buɗe ƙofar wagegen: sai kana da digirin jinya da lasisi, ka yi aƙalla shekara ɗaya a ɗakin kula da masu matsanancin ciwo, sannan ka yi karatun shekara 3, wanda tun 2022 ya koma matakin digirin dakta ga duk sabon shiga. Abin lura a tsarinsu shi ne tambayar da suke yi: ina ka yi aiki, me hannunka ya taɓa?

Nan ne zuciyata ke sosuwa. In aka auna da wannan tambaya, ma'aikacin jinyar da ke babban asibitin Maraɗi ko na Yamai ya riga ya yi gaba. Kullum yana ganin na'urar awon iskar jini, yana jin manya na tattauna mara lafiya da Faransanci, sanarwar jarrabawar shiga horon kuma a bangon da yake wucewa ake manna ta. Ɗan'uwansa da ke ƙaramin asibitin karkara a Cadakori ko bayan Cadawa fa? Shi ne mai rigakafi, shi ne mai karɓar haihuwa, shi ne mai cika rajista da fitilar salula. Labari na iso masa a makare. In ma ya ci jarrabawar, sai a ce babu wanda zai maye gurbinsa. In ɗan kwantiragi ne, barin aiki na nufin barin abin sawa a bakin salati. In mace ce mai goyo, sai an shawo kan maigida da uwar miji kafin a yi zancen kuɗin haya a Yamai. Na taɓa aiki da wata baiwar Allah da ban ga mai natsuwarta a gaban zubar jini ba. Sau biyu tana haɗa takardu, sau biyu ba a sake ta ba, har ta haƙura. Wato inda aka fi buƙatar mai sa barci, daga nan ne aka fi wahalar fita a koyo aikin. Wanda aka turo daga birni kuma, sau da yawa da ƙafa ɗaya yake zuwa, yana neman canjin wuri tun bai kwance kaya ba.

Ku ɗalibai, amsar tambayarku ta fara rubutuwa tun kuna lise. Ku riƙe fannin kimiyya, ku fita da sakamakon jarrabawar bak mai kyau. Kada ku raina lissafi: maganinmu da nauyin jiki ake auna shi, kuskuren ɗigo ɗaya tsakanin 0,5 da 5 ya isa ya kashe jariri. Ku iya rubuta Faransanci mai tsabta. Ku da ke bakin aiki, ku nemi izinin babban likitan gunduma ku riƙa shiga ɗakin tiyata ranar hutunku, ko gadon mara lafiya za ku tura, ku kuma sa a rubuta muku shaida. Takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa da kwafin difloma su zauna a shirye cikin jaka tun sanarwa ba ta fito ba.

Ranku ya daɗe, sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomi, sauran aikin naku ne. Kowace gunduma ta zaɓi waɗanda za ta tura horo, ta ɗauki nauyin zamansu, a nemo mai riƙe musu wuri, a rubuta yarjejeniyar cewa za su dawo su yi wasu shekaru a gida. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan Maraɗi tun 2010. Duk gurbin horo da aka samar a kusa, ya rage wa mai goyo tafiyar kilomita sama da 600, don haka ku riƙa kai wannan buƙata duk inda ake jin muryarku.

Akwai takarda a bakin ƙofa. Mai niyya ya rubuta sunansa da inda yake aiki. Bayan la'asar za mu zauna da su, mu fara da lissafin magani.