Tarwaɗa Ba Shaida Ba Ce



Kogin Calawa da ya ratsa Fanshekara shi ke karɓar ruwan majemun Calawa, da na Sharaɗa ta rafin Salanta. Na Bompai kuwa, rafin Getsi ke kai shi Jakara. Ruwan jima yana ɗauke da gubar kuromiyom, ga kitse da gashi waɗanda ruɓarsu ke cinye iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa.

Wasu kan ce tun da ana kama tarwaɗa, ai kogin lafiya lau ya ke. Kada mu ruɗu. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sarari, ko cikin taɓo sai ta rayu. Giwan ruwa ba shi da wannan baiwa. Kifin da ya tsira kuma yana tara guba a hantarsa, mu ne masu cinsa.

Saboda haka wajibi ne mu auna ruwan gabanin magudanar masana'antu da bayanta, rani da damina, mu ƙirga ire-iren kifin da ke faɗawa komar masunta, sa'an nan mu tambayi dattawansu waɗanne ne suka ɓace. Da wannan hujja za mu tunkari hukuma.