Lissafi Uku Da Za Mu Nema Kafin Mu Kai Yaro Jami'ar Kuɗi

Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban taro, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa na Sabo da waɗanda suka taso daga Sasa da Bodija da Ojo, muna yi muku barka da zuwa, Allah ya ba da ladan zumunci.

Abin da kwamitin ilimi ya ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne jami'o'i masu zaman kansu, wato waɗanda muka fi sani da jami'o'in kuɗi. Ba mun zo ne mu yi wa wata makaranta talla ba, ba kuma mun zo mu kushe wata ba. Mun zo ne domin mu tuna wa juna cewa mu 'yan kasuwa ne jikokin 'yan kasuwa, kuma tun da aka kafa Sabo a 1916 ba a taɓa jin Bahaushe ya biya kuɗin goro bai buɗe huhu ba. To, ilimin ɗa ya fi huhun goro tsada, amma sau da yawa a nan ne muke yin cinikin biri a sama.

Bari mu ɗan waiwaya baya kaɗan. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa doka ta rushe jami'o'i masu zaman kansu da aka fara buɗewa a lokacin. Sai a 1993 aka sake yin wata doka wadda ta buɗe ƙofa, sa'an nan a 1999 aka ba uku na farko lasisi: Igbinedion a Okada ta jihar Edo, Babcock a Ilishan ta jihar Ogun, da Madonna a Okija ta jihar Anambra. Daga nan sai abin ya yi ta yaɗo. Bowen ta Iwo ta zo a 2001, Covenant ta Ota a 2002. A 2005 aka samu Lead City a nan Ibadan, da Al-Hikmah a Ilori, da Crescent a Abeokuta, da kuma ta Katsina wadda ake kira Al-Qalam. Fountain ta Osogbo ta biyo baya a 2007. Ya zuwa 2024 yawansu ya haura 140, wato sun fi na gwamnatin tarayya yawa, sun kuma fi na jihohi. Amma duk da wannan yawa, ɗaliban da ke cikinsu ba su kai kashi 10 cikin 100 na ɗaliban jami'o'in ƙasar nan ba. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Me ke tura iyaye can? Abu biyu ne manya. Na farko ƙarancin gurbi. A 2024 yara kusan miliyan 2 suka yi rajistar jarrabawar JAMB, kuma wajen kashi 76 cikin 100 ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Na biyu yajin aiki. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata tara ba su shiga aji ba, a 2022 kuma suka yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Uban da ya ga 'yarsa ta zauna gida wata takwas, ga manema suna sallama, ga karatu bai ƙare ba, ba za a ga laifinsa ba idan ya ce gara ya sayar da fili ya kai ta inda shekara huɗu take zama shekara huɗu.

Mu kuma mazauna Kurmi muna da tamu matsalar ta daban. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 na cancanta, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 na jihohin da aka ce an bar su a baya wajen ilimin boko. Yaronmu an haife shi a Sabo, ya yi firamare da sakandare a nan, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, amma ran da ya je neman takardar shaidar asali sai a ce masa ya koma garin kakansa. Idan ya je can kuma, sai ya nemo wanda ya san gidansu kafin mai unguwa ya sa hannu. A jami'o'in jihohi da yawa ma, kuɗin da baƙo ke biya ya fi na ɗan jiha. Jami'ar kuɗi ba ruwanta da wannan, ita dai ka cika sharaɗi ka biya. Shi ya sa take da farin jini a wurinmu, shi ya sa kuma ya wajaba mu fi kowa buɗe ido.

To, ga lissafi uku da muke so kowane uba da kowace uwa su nema kafin su zare ko kwabo.

Lissafi na farko: ta wace ƙofa ake shiga?

Sharaɗin shiga kowace jami'a a Nijeriya ɗaya ne: kiredit biyar har da Turanci, da kuma Lissafi ga yawancin kwasa-kwasai, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, ko ta WAEC, ko NECO, ko NABTEB, ko kuma NBAIS ta 'yan makarantun Arabiyya. Sa'an nan sai makin JAMB. Mafi ƙarancin makin da aka amince wa jami'o'i su ɗauka da shi a 2024 shi ne 140, a 2025 aka ɗaga shi zuwa 150, kuma kowace jami'a tana da ikon ta sa nata sama da haka.

Ga inda maganar ɗazu ta shigo. Jami'o'in kuɗi suna da yawa, masu iya biya kaɗan ne, saboda haka a yawancinsu makaranta ce ke neman ɗalibi, ba ɗalibi ke neman makaranta ba. Don haka idan an ce maka, "Alhaji, albishirinka, an ɗauki yaronka," ka yi godiya ga Allah, amma kada ka ɗauka wannan shaida ce cewa yaron ya shirya. Ka tambaye su da maki nawa suka ɗauki 'yan kwas ɗin nan bara. Idan yaro ya ci 150 aka ce ya zo ya karanta aikin injiniya, to shigar ta yi sauƙi, fitar ce abin dubawa.

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne, tun 2017 duk wani gurbi na halak sai ya bi ta na'urar JAMB da ake kira CAPS, yaro ya ga sunansa, ya danna ya karɓa, ya buga takardar JAMB da hannunsa. Takardar da makaranta kaɗai ta bayar ba ta isa ba. Wanda sunansa bai shiga kundin JAMB ba, ko ya gama digiri, zai sha wuya kafin a kira shi bautar ƙasa. Ɗan kamashon da ya ce maka zai shigar da yaro ta bayan gida, a gyara takardu daga baya, ka ce masa Allah ya ba da sa'a, ka kama gabanka.

Lissafi na biyu: mutum nawa aka yarje musu su ɗauka, nawa suka ɗauka?

Jama'a, lasisin jami'a daban, amincewa da kwas daban. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, tana bin kwas ɗaya-ɗaya tana dubawa: malamai nawa, ɗakin gwaji, ɗakin karatu, da sauransu. Sakamakon iri uku ne. Akwai cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, akwai ta wucin gadi ta shekara biyu, akwai kuma wanda aka hana ɗungurungum. Jami'a ɗaya tana iya samun cikakkiyar amincewa a fannin Akanta, a hana ta a fannin Kimiyyar Kwamfuta. Saboda haka tambayar da za ka yi ba "An amince da makarantar nan?" ba ce. Tambayar ita ce, "An amince da kwas ɗin da ɗana zai karanta, kuma a wace shekara aka duba shi?"

Bayan NUC kuma akwai hukumomin sana'a. Likitanci yana da tasa majalisar, haka aikin jinya da ungozoma, haka haɗa magunguna, haka aikin lauya. Waɗannan suna ƙayyade wa makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara. Idan ta zarce, yaran da suka yi rara su ne za su ɗanɗana. Ba tatsuniya muke ba ku ba. A 2023 majalisar kula da ilimin lauya ta dakatar da wata jami'a mai zaman kanta a Abuja daga ɗaukar ɗaliban lauya har shekara biyar, saboda an yarje mata 50 a shekara amma ta riƙa wuce gona da iri, har ɗaruruwan waɗanda suka gama suka taru suna jiran layin shiga makarantar horar da lauyoyi. Iyayen waɗannan yara sun biya kuɗinsu cif. Abin da ba su yi ba shi ne tambaya.

Lissafi na uku: cikin waɗanda suka shiga, nawa suka fita?

Wannan shi ne lissafin da ba a cika rubuta shi a allon talla ba. Ranar bikin yaye ɗalibai za ka ji an ce mutum kaza sun fita da daraja ta ɗaya, wato makinsu ya kai 4.50 cikin 5, a yi tafi, jaridu su buga. Madalla. Amma bari mu yi misali irin na kasuwa. A ce aji ya fara da yara 100, aka yaye 60, goma daga ciki da daraja ta ɗaya. Makaranta za ta ce ɗaya cikin shida na ɗalibanta zakaru ne, kuma ba ta yi ƙarya ba. Mu kuwa abin da za mu tambaya shi ne, ina sauran 40 ɗin? Nawa aka kora don sun faɗi, nawa suka maimaita aji, nawa ne kuɗi ya yanke wa iyayensu a shekara ta biyu ko ta uku? Mai shanun da ya loda 100 daga Arewa ya sauke 60 a kara, ba zai tsaya yabon ƙibar goma ba.

Sa'an nan a ƙara da tambayar abin da ya biyo bayan digiri. Wata nawa ake yi kafin sunan yaro ya fita zuwa bautar ƙasa? 'Yan jinya da 'yan lauya, nawa suka ci jarrabawar hukumarsu a zama ɗaya? Makarantar da ke da abin nunawa ba za ta ɓoye ba. Wadda ta fara kame-kame, amsarta ke nan.

Wannan lissafi na uku yana da rabin da ke hannunmu. Kafin ka biya kuɗin shekarar farko, ka lissafa na shekara huɗu, ko biyar, ko shida idan likitanci ne, wanda a jami'o'in kuɗi miliyoyin naira yake ci kowace shekara. Ka haɗa da ɗakin kwana, da abinci, da kuɗin mota, ka kuma bar sarari domin ƙarin kuɗi, don ba ya sallama. Rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024, da ɗaliban makarantun gwamnati aka buɗe shi. Fitar da yaro daga aji uku saboda kasuwa ta juya ta fi rashin kai shi ciwo, ga asarar dukiya, ga karyewar zuciya. Haka kuma a karanta dokokin makaranta tun kafin a sa hannu, domin da yawa na ƙungiyoyin addini ne, kowace da nata tsarin na sutura da ibada da fita waje.

Wani gargaɗi kuma, tun da iyakar Seme ba ta da nisa da mu. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo, daga baya a shekarar ministan ilimi ya ce an gano takardun bogi sama da 22,000. Araha dai ba ta ado.

Daga ƙarshe, mu ma sai mu yi wa kanmu adalci. Muna neman lissafi a wurin makarantu, to ina namu? Shawarar kwamiti ga wannan taro guda uku ce. Ta farko, a buɗe littafi a ofishin ƙungiya, kowace shekara a rubuta yaranmu nawa suka zauna JAMB, maza nawa mata nawa, nawa suka samu gurbi, a ina, nawa suka gama. Da wannan littafi ne za mu san makarantar da ta riƙe amanar yaranmu, da shi ne kuma za mu tunkari hukumomin ba da tallafin karatu na jihohinmu na asali da hujja a hannu. Ta biyu, 'ya'yanmu da suka riga suka yi digiri su ware rana guda a wata, duk mai takardar shiga makaranta ya kawo a duba masa a intanet kyauta kafin ya biya. Ta uku, a fara neman takardar shaidar asali tun yaro yana aji huɗu na sakandare, domin kason nan na kashi 20 da ya haɗa da Kano da Katsina da Sakkwato da Jigawa da Zamfara da sauransu haƙƙin 'ya'yanmu ne, kada rashin takarda ya tilasta mana biyan abin da za mu iya samu da sauƙi.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi sanin yaron da ke da ƙwazo da wanda ke buƙatar ya sake zama jarrabawa, don Allah a riƙa jin ta bakinku kafin a yanke shawara. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.