Tsohon Gida Gyara Yake So



Daga Unguwar Ya zuwa Birnin Kudu da Gwaram, da zarar mutum ya samu wadata sai ya rushe gidan gado, ya sare darbejiyar ƙofar gida, ya kafa bulon siminti da kwano. Bazara na shigowa, ɗaki ya gagari kwana.

Magabata sun san abin da suke yi. Bangon tubali mai kauri yana tare zafin rana, ya riƙe ɗumi da hunturu. Rufin azara ba ya kururuwa idan ruwa ya sauko. Ku dubi Gidan Ɗan Hausa a Nasarawar Kano, unguwar da Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909. Ginin ƙasa ne, amma kulawa ta sa yana tsaye har yau, baƙi na zuwa kallo.

Don haka kafin damina, a sabunta yaɓe, a gyara indararo, a duba azarar da gara ta ci. A faɗaɗa taga, a ja waya, a daɓe ƙasa da siminti. Itatuwan tsakar gida kuwa, don Allah a bar su, a ƙara dasa wasu.

Sai mun sake saduwa.