Abincin Amurka: Yawan Iri Daban, Inganci Daban

 

Yau maganar ciki za mu yi. Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a intanet: shin abincin Amurka abin kirki ne ko tarkace? Wasu na cewa duk duniya babu ƙasar da ta kai Amurka yawan kalolin abinci. Wasu kuma, musamman mutanen Turai, suna cewa Amurkawa ba su da wani abinci sai boga da soyayyen dankali da lemon kwalba. Mu kuma nan muna gefe muna kallon hotuna a waya, muna haɗiyar yawu.

Ni a ganina tambaya biyu ce aka cakuɗa wuri ɗaya. Ta farko, iri nawa ne? Ta biyu, me talaka yake ci kullum, kuma me abincin yake yi wa jikinsa? Idan ka raba su, sai ka ga kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da yawan iri. A nan kam sai dai a sara wa Amurka. Ka shiga unguwar Kwins a birnin Niyok, a titi ɗaya za ka samu abincin Indiya, na Tibet, na Kolombiya da na Meksiko. A Halem akwai wurin da ake kira Ƙaramar Senegal, a kan titi na 116. Birnin Washintan cike yake da gidajen abincin Habasha. Larabawa sun yi kaka-gida a Diyabon ta jihar Mishigan, Somaliyawa a Miniyafolis, 'yan Najeriya kuwa a Hiyustan. Wani abin da zai ba ku mamaki: gidajen abincin Sinawa a Amurka sun fi rassan McDonald's yawa.

To me ya kawo haka? Ƙaura. Dokar shige da fice ta 1965 ita ta buɗe ƙofa ga mutanen Asiya da Afirka da sauran wurare, kowa kuma ya zo da tukunyar gidansu. Ka gane abin da nake nufi? Ƙarfin abincin Amurka ya fito ne daga mutanen da suka je can amma suka ƙi sakin girkin iyayensu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan abincin baƙi, suna da nasu na gargajiya, kowane yanki da irin nasa. A Tekzas ana gasa naman sa da hayaƙin itace, a hankali, awa goma sha biyu ko fiye. A Luwiziyana akwai gumbo da jambalaya. Kuma a nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Kalmar gumbo daga sunan kuɓewa ta samo asali a harsunan Bantu, kuma 'yan uwanmu na Nijar sun san ta, don gombo ake ce wa kuɓewa da Faransanci. A Karolaina ta Kudu akwai abincin da suke ci ranar sabuwar shekara mai suna Hoppin' John. Mene ne shi? Shinkafa da wake. Wallahi ɗan Kano ya gani zai ce garau-garau ne, illa dai su yawanci da naman alade suke haɗawa. Waken nan mai baƙin ido asalinsa na Afirka ne, kuma har yau Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noma shi, Nijar na biye da ita.

Ita kanta shinkafar da ta azurta masu gonakin Karolaina, bayin da aka kwaso daga yankin Senegal da Gambiya da Saliyo ne suka noma ta, kuma da saninsu na noman fadama suka je. Wata malama mai suna Judith Carney ta rubuta littafi sukutum a kan wannan a 2001. Riɗi ma ta hanyar bayi ya shiga girkin yankin. Hatta Coca-Cola da aka ƙirƙira a Atlanta a 1886, rabin sunanta daga goro ne. Saboda haka duk wanda ya ce Amurka ba ta da abinci, ya shafe gumin kakannin baƙaƙen fata na can, ya kuma shafe 'yan asalin ƙasar da suka daɗe suna noma masara da wake da kabewa tun kafin zuwan Turawa.

To, yanzu mu koma tambaya ta biyu, inganci. A nan ne gizo ke saƙar.

Ka shiga babban kanti a Amurka, za ka ga kwalaye da gwangwanaye dubbai, kala-kala, har ido ya gaji. Amma ka juya bayan kwalin ka karanta abin da ke ciki, sai ka ga abu huɗu ne ke ta canza riga: masara, waken suya, alkama da sukari. Amurka ce ta fi kowace ƙasa noman masara, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da duniya ke nomawa. Mafi yawanta dabbobi ake ba, ko a yi man mota da ita. Wani kaso kuma ana mayar da shi ruwan zaƙi mai arha, wanda kamfanonin lemo suka koma amfani da shi maimakon sukari tun shekarun 1980. Wato kwalin ne mai yawan iri, abin da ke ciki kusan ɗaya ne.

Wani masani ɗan Brazil, Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo, shi ya fito da tsarin rarraba abinci bisa yadda masana'anta ta sarrafa shi. Rukunin ƙarshe shi ne wanda aka sarrafa fiye da kima, irin wanda ba za ka iya haɗa shi a kicin ɗin gida ba, don sinadaransa ma ba a kasuwa ake sayar da su ba. Fiye da rabin kuzarin da Amurkawa ke samu daga abinci, daga wannan rukunin yake fitowa. A wajen yara abin ya fi haka.

Sakamakon fa? Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna kusan kashi 40 cikin 100 na manya suna fama da ƙiba mai yawa. A Japan kusan kashi 5 ne. Matsakaicin tsawon rai a Amurka wajen shekara 78 ne, a Japan wajen 84. Ba abinci kaɗai ya jawo wannan tazarar ba, akwai tsadar asibiti da miyagun ƙwayoyi da bindiga, amma abinci na da babban kaso. Sannan ga wani abin takaici: ma'aikatar noma ta ƙasar ta ce a shekarar 2023 mutum miliyan 47 ne suke zaune a gidajen da ba su da tabbacin samun isasshen abinci. A ƙasar da ta fi kowa arziki ke nan. Abinci mai kyau yana nan jibge a Amurka, amma aljihunka da unguwarka su ke yanke hukuncin ko za ka kai gare shi.

Yanzu mu leƙa wasu ƙasashen mu ga bambanci.

Italiya ba ta kai Amurka yawan abincin baƙi ba, amma tana kishin nata. A 1986 da aka zo buɗe McDonald's a tsakiyar birnin Rum, wani mai suna Carlo Petrini da abokansa suka yi bore, daga nan aka haifi ƙungiyar Slow Food mai kare girkin gargajiya da ƙananan manoma. Cukunsu mai suna Parmigiano Reggiano, doka ta hana a kira wani cuku da wannan suna sai wanda aka yi a yankinsa, kuma ya kwana aƙalla wata 12 a ajiye. Ka ji inda aka mayar da abinci dukiyar ƙasa.

Japan kuwa ta makaranta ta bi. A 2005 suka yi doka ta musamman a kan ilimin abinci. A makarantun firamare yara ne ke raba abincin rana da hannunsu, su ci tare da malaminsu a aji, su kwashe kwanuka. Shinkafa, kifi, ganye, miya. Yaro ya tashi harshensa ya saba da abincin gida tun kafin talla ta same shi.

Labarin Meksiko shi ya fi taɓa ni. Dubban shekaru mutanen can suna dafa masara da farar ƙasa ko toka kafin su niƙa. Wannan dabarar tana sa jiki ya iya cin moriyar wani sinadarin gina jiki da ke ɗaure a cikin masarar. Kudancin Amurka ya ɗauki masarar, bai ɗauki dabarar ba. A farkon ƙarni na 20, talakawan yankin da suka dogara da garin masara suka faɗa cikin annobar wata cuta mai suna felagra, mai lalata fata da hanji da ƙwaƙwalwa, ta kashe dubban mutane. Hatsi ɗaya ne fa, ilimin tsofaffi ne ya bambanta su. Duk lokacin da ka ga kakarka na jiƙa gero ko tana barin ƙullu ya kwana ya yi tsami, kar ka yi mata kallon wadda ba ta waye ba.

Shi ya sa hukumar UNESCO ta sa girkin Meksiko da tsarin cin abincin Faransawa cikin kayan gadon duniya a 2010, na Japan a 2013, dafa-dukar shinkafa da kifi ta Senegal a 2021. Amurka ba ta cikin jerin, amma don adalci, ba ta shiga yarjejeniyar ba ne tun farko.

Akwai kuma bambancin doka. Tarayyar Turai ta hana shigo da naman shanun da aka yi wa allurar saurin girma tun 1989, a Amurka kuwa halal ne a dokance. Sinadarin buromet da ake sa wa burodi ya kumbura, Turai ta haramta, mu ma NAFDAC ta haramta tun zamanin marigayiya Dora Akunyili, amma dokar tarayyar Amurka ba ta hana shi ba. Jihar Kalifoniya ce ta yi tata dokar a 2023.

To amma jama'a, kar mu yi saurin tafa wa kanmu. Laifi tudu ne. Ba'amurke yana kashe kusan kashi 11 cikin 100 na abin da ya shigo masa a kan abinci. Ɗan Najeriya kuwa fiye da rabin abin da yake kashewa a ciki yake tafiya. Su suna da firji tun daga gona har kanti, kuma idan aka gano cuta a wani kaya, ana sanarwa a janye shi daga kasuwa. Mu fa? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwarin da ke jikinsa ya wuce ƙa'ida. Waken da Turai ta ƙi, wa ya cinye shi? Ni da kai. Muna da gero, dawa, maiwa, acca, muna da kuka, yakuwa, zogale, karkashi, taushe, muna da dambu, fate, ɗanwake, sinasir, kilishi, fura da nono. Iri kam Allah Ya ba mu. Inda muke da rauni shi ne ajiya, tsabta da sa ido.

Abin da ke damuna shi ne ɓangaren Amurkan da muka zaɓa mu kwaikwaya. KFC ta shigo Legas a 2009, Domino's a 2012, yau kuma kowane lungu a Kano da Kaduna da Abuja akwai mai sayar da boga da fiza. Ban ce haramun ba ne, ni ma nakan ci. Amma mun kai matsayin da saurayi zai ji kunyar kai budurwa wajen mai waina, yarinya ta ji nauyin ɗora hoton tuwo da miyar kuka. A daidai wannan lokacin, wani kuku ɗan Senegal, Pierre Thiam, yana can Amurka yana sayar wa Amurkawa acca a leda mai kyau, da dala. Accar da muke rainawa. Mu muna karɓar abin da likitocinsu ke roƙonsu su rage, su kuma masu kuɗinsu suna neman abin da muke gudu. Ciwon suga da hawan jini kuma ba sa tambayar fasfo, kuma kun san kuɗin magani a ƙasar nan.

Saboda haka ga abin da nake roƙon matasa 'yan uwana. Na farko, a wannan makon ka zauna da Hajiya ko Inna ko Gwaggo, ka ɗauki muryarta a waya tana bayanin girki ɗaya da aka daina yi a gidanku. Ranar da ta tafi, da shi za ta tafi. Na biyu, masu sana'ar abinci a cikinmu, ku ɗauki abin da Amurka ta ƙware a kai: tsabta, awo, kwali mai kyau, cika alƙawarin lokaci, ku ɗora a kan dambu da kunun gyaɗa. Na uku, mu riƙa juya bayan leda muna karantawa, mu kuma matsa wa hukumomi lamba a kan maganin ƙwarin da ake zuba wa hatsi a rumbunan kasuwa. Wannan ma gwagwarmaya ce, daidai da ta zaɓe.

Na ce ku riƙe wata magana ɗazu. Mutanen da suka mayar da Amurka kasuwar abincin duniya, waɗanda suka je da tukunyar gidansu ne suka ƙi jin kunyarta. Mu da muke zaune a gida, ba mu da hujjar jin kunyar tamu.

Ku faɗa mana a ƙasa: wane abinci ne kuka tashi kuna ci a gidanku wanda yanzu ya ɓace? Ku ambaci garinku, don mu ga yadda girki ya bambanta daga Sakkwato zuwa Damagaram zuwa Zangon Kumasi. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah Ya kai mu.