Gudummawar Karatu ga Samarin da Makaranta ta Taɓa Yar da Su: Labarin Harlem

A ƙasar Amurka akwai wasu makarantun sakandare waɗanda aka kafa musamman domin samarin da makarantun gwamnati suka kora, ko waɗanda talauci da rikicin gida suka sa suka bar karatu da kansu. A jihar Kalifoniya irin waɗannan makarantu sun samo asali tun 1919. Abin tambaya shi ne: idan an maido yaro aji, ya jure, ya gama, wa zai biya masa kuɗin jami'a?

A 1967 aka buɗe makarantar Harlem Prep a unguwar baƙar fata ta Harlem, cikin birnin Niyok, bisa jagorancin Edward Carpenter. Ba da daɗewa ba ta koma cikin wani tsohon kantin sayar da kayan abinci, babu bango tsakanin aji da aji. Ɗalibanta kuwa akwai waɗanda suka taɓa shan ƙwaya, akwai tsofaffin soja, akwai masu 'ya'ya. Ba a karɓar ko anini daga hannunsu. Manufar makarantar guda ce, wato kowane ɗalibi ya sami gurbi a koleji, kuma ɗaruruwa sun samu. To, amma kuɗin da ke riƙe da ita na masu kyauta ne, irin su Gidauniyar Ford da manyan kamfanoni, kyauta kuwa ba ta da ranar biya. Da masu bayarwa suka janye hannu, sai a 1974 hukumar ilmi ta birnin ta karɓi makarantar, kamanninta suka sāke.

A daidai wannan lokaci gwamnatin tarayya ta shigo. Dokar ilmi ta 1972 ta kafa wani sikolashif na 'ya'yan talakawa, wanda a 1980 aka raɗa masa sunan Sanata Claiborne Pell. Ba bashi ba ne, kuma ba a duba ƙwazon jarrabawa, ƙarfin gida ake dubawa. Wannan muhimmi ne ƙwarai, domin yaron da ya yi shekara biyu yana yawon titi ba zai taɓa cin gasar maki da ɗan gata ba. Sai dai darajarsa ta zaizaye. A tsakiyar shekarun 1970 mafi girman kason yakan biya kimanin kashi uku cikin huɗu na kuɗin jami'ar gwamnati. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 kason ya kai dala 7,395, amma bai cika sulusi ba.

Har ila yau, kuɗi kaɗai ba ya kai yaro. A 1981 wani attajiri, Eugene Lang, ya je jawabi a tsohuwar firamarensa da ke gabashin Harlem, nan take ya yi wa yara 61 alkawarin biya musu kuɗin koleji idan sun gama sakandare. Bai daɗe ba ya gane alkawarin da zai cika bayan shekara shida ba ya hana yaro fashin makaranta gobe. Sai ya ɗauki ma'aikaci wanda ke bin yaran har gida, yana sasanta su da malamai, shi kansa kuma ya buɗe musu ƙofar ofishinsa. Mafi yawansu sun gama sakandare, fiye da rabi suka ci gaba.

Akwai kuma wani tarko ƙarami wanda masu tsara doka sukan manta. Takardar neman taimakon tarayya tana tambayar abin da iyaye ke samu, alhali yaro da yawa a waɗannan makarantu ba ya tare da uwa ko uba, wani ma a hannun hukuma ya tashi. Doka ta yarda irinsa ya cika takardar a matsayin mai cin gashin kansa, amma sai ya kawo shaida, kuma sau da yawa a nan yakan karaya idan babu malamin da zai zauna da shi. Saboda waɗanda suka tashi a hannun riƙo ne majalisar Amurka ta amince a 2001 da wata gudummawa dabam, har dala 5,000 a shekara, wadda ake iya kashewa a kan kuɗin makaranta, da littattafai, da haya, da kuɗin mota.