Tambaya Kafin Taɓawa: Binciken Da Ake Yi Kafin Tausar Magani



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan aikina, ya kuma ba ni minti ashirin. Ni ma'aikaci ne a sashen da jama'a ke kira gashin ƙashi, a wani asibitin gwamnati, kuma cikin ayyukan da aka ɗora mini akwai koyar da matasan da ke taimaka mana wajen tausa da motsa gaɓɓai. Minti ashirin ba za su ishi bayanin sana'ar duka ba, don haka na zaɓi abu ɗaya, wato binciken da muke koya wa ɗalibi ya yi wa mutum kafin ya ɗora masa hannu.

Na san wasu za su ce mene ne abin karatu a cikin tausa. Kusan duk wanda ke zaune a nan ya taɓa taka wa mahaifinsa baya yana yaro, kuma iyayenmu mata sun daɗe suna murza jarirai da man kaɗanya. Wannan tausar gajiya ce, ba ni da ja a kanta. Wadda nake magana a kanta ita ce ta magani, wadda ake yi wa wanda ya zo da ciwo yana neman sauƙi. Bambancin shi ne mai ciwo bai san abin da ke ƙarƙashin ciwonsa ba, in kuma mai tausar ma bai sani ba, to, an yi gamon makafi biyu.

Turawa ma sai da suka sha wuya kafin su gane haka. A shekarar 1894 wasu mata huɗu ma'aikatan jinya a Ingila suka kafa ƙungiyar masu tausa da aka horar, domin a lokacin sunan sana'ar ya ɓaci. Suka sa jarrabawa a kan sanin sassan jiki, suka kuma kafa doka cewa ba a yin tausa sai da umurnin likita. Wannan ƙungiya ce ta rikiɗe ta zama babbar ƙungiyar likitocin gashin ƙashi ta ƙasar. A Ostareliya tausar magani kwas ne na difiloma mai zaman kansa, kuma binciken lafiyar mai zuwa yana cikin manyan darussansa. A nan gida, dokar da ta kafa hukumar MRTB, mai yi wa irinmu rajista, ta fito ne a 1988.

Abu na farko da nake hana sabon ɗalibi shi ne gaggawa. Matashi in ya koyi murza tsoka sai hannunsa ya riƙa yi masa ƙaiƙayi. Ni kuwa nakan sa shi ya zauna da takarda da biro ya yi ta tambaya. Ina ne ke ciwo, nuna mini da yatsa ɗaya. Yaushe ya fara? Faɗuwa aka yi ko haka kawai ya zo? Me ke tsananta shi, me ke rage shi? Yana tashe ka daga barci? In sifili na nufin babu ciwo, 10 kuma ciwon da ba ka taɓa jin irinsa ba, a ina za ka ajiye na yau? Sannan a wuce zuwa sana'ar mutum, domin wuyan tela da kwankwason direba da kafaɗar mai ga-ruwa kowanne da irin tarihinsa. Sai cututtukan da yake da su da magungunan da yake sha. Wanda ke shan maganin tsinka jini, irin su warfarin, dannar da ba ta kai ta kawo ba tana iya sa jini ya taru masa a ƙarƙashin fata. Mace kuma a tambaye ta, cikin ladabi, ko tana da juna biyu ko ba ta daɗe da haihuwa ba.

A nan harshenmu yakan ɗan wahalar da mu. Mutum zai ce jijiya ce ke damunsa, alhali kalmar jijiya ta haɗa hanyar jini, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka, da agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Abubuwa uku ne da ba su da dangantaka wajen magani. Aikin ɗalibi ne ya rarrabe wacce ake nufi, ba ya karɓi maganar yadda ta zo ba.

Bayan tambaya sai awo. Bugun zuciyar baligi mai hutawa yana tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki wajen digiri 37. Awon jini in ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, hawan jini ne, kuma yawancin masu shi ba sa jin komai a jikinsu. In muka ga 180 bisa 120, ba ma batun tausa, likita zai gani a ranar. Mai zazzaɓi ma ba a yi masa, ko da yana kukan duk gaɓɓansa na ciwo, don ciwon gaɓɓan alamar zazzaɓin ce.

Ranka ya daɗe, bari in tsaya a kan abin da ya fi ba ni tsoro a duk aikin nan. Mutum ya taso daga Legas zuwa Kano a mota, ya kwana a zaune, ko an yi masa tiyata ya yi kwanaki a gado, ko mace ta haihu. Sai ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa ta yi zafi, tana ciwo in an taɓa. Duk wanda ya gani zai ce a kawo man zafi a murza. Alhali mai yiwuwa ne jini ne ya daskare a cikin babbar jijiyar da ke can cikin tsoka. In aka murza, gudan jinin na iya ɓallewa ya bi hanya ta cikin zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu, mutum ya faɗi yana neman numfashi, a rasa shi cikin 'yan mintoci. Shi ya sa muke koya wa ɗalibi ya buɗe ƙafa biyu ya kwatanta, ya sa tef ya auna kaurin kowace, ya ji ɗuminsu da bayan hannunsa. In ya yi shakka, ya janye hannunsa ya tura mutumin a yi masa hoton jijiya. Na fi son a tura mutum goma a banza da a murza guda ɗaya.

In ƙafa biyu ne suka kumbura, aka danna yatsa ya bar rami, to hankali ya koma kan zuciya, ko ƙoda, ko hanta. Maijego da ke irin wannan kumburi, ga haki in ta kwanta, zuciyarta ce abin dubawa. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka yi rubutu a kan yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Tausa ba ta da abin da za ta yi wa wannan sai ɓata lokaci.

Masu ciwon sukari kuwa, musamman waɗanda suka daɗe da shi, ƙafarsu kan daina ji. Kafin mu sa musu wani abu mai zafi, mukan ɗauko kwalba biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da na sanyi, mu sa mutum ya rufe ido ya faɗi wacce ta taɓa shi. In ya kasa, babu gashi. Na ga dattijon da aka kawo da ƙuna a tafin ƙafa bayan 'ya'yansa sun gasa masa da ruwan zafi don tausayi, shi kuwa bai ji komai ba har fata ta saluɓe. Irin wannan gyambo a jikin mai sukari yakan ɗauki watanni bai warke ba, wani lokaci ya kai ga yanke ƙafa. Fata ma abin dubawa ce a kan kowa: maruru, makero, ƙazuwa, buɗaɗɗen rauni, duk ba a bi ta kansu.

Ciwon baya shi ya fi kawo mana mutane. Gaskiyar magana ita ce mafi yawansa daga tsoka da gaɓɓai ne, kuma yakan lafa cikin 'yan makonni in mutum bai kwanta ya daina motsi ba. Amma a cikin masu shi akwai 'yan ƙalilan da ciwon nasu wata shigar burtu ce. Wanda bayansa ke hana shi barci ko ta wane gefe ya kwanta, yana rama, yana gumin dare, muna tunanin tarin fuka, domin ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take zama ba, tana cin ƙashin baya har ya lotse ya yi ƙusumbi. A taka irin wannan baya da ƙafa, ana iya gurgunta mutum. Dattijon da ke fama da fitsari sannan baya ya soma ciwo, ko matar da ta taɓa yin ciwon dajin mama, sai an tabbatar ba cutar ce ta yaɗu zuwa ƙashi ba. Akwai kuma wanda ƙafafuwansa suka soma sagewa, mazauninsa ya daina ji, fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa. Laka tana ƙarewa ne a saman kwankwaso, daga nan jijiyoyi su sauko a tare kamar wutsiyar doki, kuma in wani abu ya danne su, sa'o'i ake ƙirgawa ba kwanaki ba.

Wani ciwon kuma aro ne. Bugun zuciya yakan bayyana a hannun hagu ko muƙamuƙi, matsarmama a kafaɗar dama, ƙoda a gefen baya. Ɗalibin da ya san tsoka kawai zai yi ta murza kafaɗa, mai gidan kuwa yana can wani wuri.

Sai mun gama duk wannan sannan mu zo ga ƙasusuwa 206 da tsokokin da ke motsa su. Mu kalli yadda mutum ya shigo, yadda ya zauna, ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Mu ce ya motsa gaɓar da kansa, sannan ya saki jiki mu motsa masa. In ciwon na zuwa lokacin da yake motsawa da kansa amma ba ya zuwa in mu muka motsa, galibi tsoka ce ko agara. In yana zuwa duka biyun, mun fi zargin gaɓar. Ƙarfin tsoka muna ba shi maki daga sifili zuwa 5: sifili babu ko ɗan motsi, 3 yana iya ɗaga gaɓar sama shi kaɗai, 5 ƙarfi cikakke. Duk a rubuta da kwanan wata, don in ya dawo bayan mako biyu mu san ko gaba ake yi ko baya, ba mu dogara da “na ji dama-dama” ba.

Ba zan sauka ba sai na taɓo masu ɗori, kuma da girmamawa zan taɓo su. A cikinsu akwai masu hannu, kuma a garuruwa da yawa su ne kusa da talaka. Abin da nake roƙo shi ne a yi hoto tukuna. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, gwiwar hannu ta kumbura, a ce targaɗe ne. Sau da yawa karaya ce a daidai inda babbar jijiyar jini ta ratsa. In aka ɗaure da kara aka tamke, kumburi ya rasa wurin zuwa, jini ya yanke, cikin kamar sa'a shida tsoka ta soma mutuwa. Yatsu su yi sanyi, su canja launi, yaro ya yi ta ihu in an miƙe su. Nan take ya kamata a kwance a nufi asibiti. In kuma aka yi ta ja da murzawa kullum safiya, ƙashi kan tsiro a cikin tsokar, gwiwar ta ƙage har abada, a yi gyaran gangar Auzinawa. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, kuma ma'aikatansa sun san irin waɗannan hannuwa sarai. Ko targaɗen gaske ne, kwana biyu zuwa uku na farko ba a murzawa, ba a gasawa. Sanyi ake sawa a ɗaga wurin sama. Yaro mai sikila kuma in ƙashi na masa ciwo ga zazzaɓi, likita yake bukata.

To, me ya rage wa tausar? Da sauranta. Tana sassauta tsokar da ta ɗaure, tana rage ciwo na wani lokaci, tana sa mutum ya samu damar yin motsa jikin da shi ne ainihin maganin. Amma ba ta fitar da wani mataccen jini, ba ta mayar da faifan baya da ya zame, ba ta kuma tayar da ɓarin jikin da ya shanye. Duk wanda ya yi muku alkawarin haka, ku riƙe kuɗinku. A ganina ɗalibi ya ƙware ne ran da ya iya duban mutumin da ya zo da kuɗi a hannu ya ce masa, “Baba, wannan ba nawa ba ne, ga takarda ka kai wa likita.”

Muna kuma koya musu su bayyana wa mutum abin da za a yi masa, su nemi izininsa, su rufe duk inda ba a aiki a kai, su riƙe sirrinsa. Mata da yawa suna zaune da ciwo a gida don ba sa son namiji ya duba su, kuma ma'aikata mata sun yi mana kaɗan. Don haka, ƙannena, musamman 'yan mata da ke ajin kimiyya, ana karanta wannan fanni a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri. Ana bukatar kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji. Duk mai son ƙarin bayani ya same ni bayan an tashi, ina nan har la'asar.