Bayan BEPC, wace hanya yaro zai bi?

Ƴan uwa ɗaliban yaƙi da jahilci, sannunku da ƙoƙari. Zancenmu na yau a kan ɗiyanku ne.

Yaro yana shekara 6 a ƙaramar lakwal, ya yi 4 a kolej, kana ya yi jarrabawar BEPC. In ya ci, hanya biyu ke gabanshi.

Ta farko ita ce lise ta karatun boko zalla. Shekara 3 ce, ƙarshenta jarrabawar bak. Akwai sashen A na harsuna da adabi, sashen C na lissafi, da sashen D na kimiyya. Wagga hanya tana kai yaro jami'a, ta Yamai ko ta Maradi, Damagaram ko Tawa. Likita da alƙali nan suke bi. Amma doguwa ce. Bayan bak sai an ƙara aƙalla shekara 3. Bak ita kaɗai ba sana'a ba ce.

Ta biyu ita ce makarantar fasaha da sana'a. A Maradi akwai lise Ɗan Kasawa, inda ake koyon lantarki, kanikanci da lissafin kuɗi. A Yamai akwai lise Isa Beri. A Kollo ana horar da malaman gona. A Agadas akwai makarantar aikin ma'adinai.

Waɗansu suna cewa sana'a ta yaron da ya kasa ce. Wanga zance ba gaskiya ba ne. Mai aikin lantarki sai ya iya lissafi. Kuma ɗalibin Ɗan Kasawa shi ma bak yake yi, yana iya wucewa gaba. Ku dubi matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011. Ba ta tahiya sai da masu walda da kanikawa.

To, kai uba, ke uwa, kamin a zaɓa ku yi abu uku.

Na ɗaya, ku ɗauki takardar sakamakon yaro ku karanta da kanku. Yanzu kun iya. Ku ga inda yake da ƙarfi.

Na biyu, ku zaunar da shi ku tambaye shi abin da ranshi ke so. Ɗiya mace ma a tambaye ta. Aikin lantarki bai san namiji ko mace ba.

Na uku, ku ƙidaya ƙarfin gida. Shekara nawa kuke iya ɗaukar abinci, tufa da masauki a birni? Yaron da ya tsaya tsakiyar hanya, ba takarda ba sana'a, shi ne abin tausai.

Kada ku zaɓa don ɗan makwabci ya zaɓa. Ku tahi ku ga mushen yaro tun kamin a cika takardun zaɓi, ku yi shawara da shi.

Allah shi yi ma ɗiyanmu albarka. Sai mako mai zuwa.